Lacca: Abin da Lambar Gini Ke Ɓoyewa

Assalamu alaikum. Kowa ya ɗauko biro, yau da lissafi za mu fara.

Ga mutum biyar, kuɗin shigarsu 10, 10, 10, 10 da 60. Jimla 100, matsakaici 20. Ma'aunin Gini, mai auna ratar arziki tsakanin mutane, wanda Corrado Gini ɗan Italiya ya fito da shi a 1912, haka ake fitar da shi: a haɗa mutanen bibbiyu, a ɗauki ratar da ke tsakanin kowane biyu, a tara. A nan ratar 50 ce har sau huɗu, 200 ke nan. Sai a raba da yawan mutanen sau kansa, 5 sau 5, sau matsakaicin nan 20, wato 500. Amsa 0.4. Sifili na nufin kowa daidai yake da kowa. In lamba ta doshi ɗaya, mutum guda ne ya kwashe kusan duka.

To ga wasu biyar: 0, 10, 20, 30, 40. Ku tara ratarsu. Nawa kuka samu? 200 ce dai, Gini kuma 0.4. Lamba ɗaya, amma a rukunin farko attajiri guda ne ya yi wa sauran fintinkau, a na biyu kuwa akwai wanda ko sisi bai da shi.

Shi ya sa nake cewa ku zana layin Lorenz tukuna, wanda Max Lorenz ya kawo tun 1905. A jera mutane daga mafi talauci, a riƙa tara kasonsu. Rukunin farko: 10, 20, 30, 40, 100. Na biyu: 0, 10, 30, 60, 100. Kun ga layukan sun gicciye a kan mutum na uku. Duk inda suka gicciye haka, kada ku yarda lamba guda ta yanke muku hukunci.

Akwai ma'aunin Palma: kason kashi 10 na sama a raba da na kashi 40 na ƙasa. Na Theil kuma, na 1967, yana iya ware ratar da ke cikin yanki daga wadda ke tsakanin yankuna, abin da Gini ba ya yi da kyau.

Wajen kwatanta ƙasashe ake yawan tafka kuskure. Bankin Duniya ya ba Afirka ta Kudu 0.63 a 2014. Kafin ku ajiye wata lamba kusa da ita, ku tambaya: kuɗin shiga aka auna ko abin da gida ke kashewa? Na kashewa yakan fito ƙasa, domin mai kuɗi ba ya cinye duk abin da ya samu. Kafin haraji ne ko bayansa? Sannan manyan attajirai ba safai suke amsa tambayoyin masu ƙidaya ba, don haka lambar takan rage gaskiyar ratar.