Baba Fasto na bakin kasuwa

Malama: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Daga nan Tawa muke magana, in kun ji ƙofa na bugawa iskar hunturu ce. Yau mun cika mu uku, Kawu ya dawo daga tafiya. Kawu, ina gajiya? Ya haƙuri kuma?

Kawu: Haƙuri sai ma'abucinsa, 'yata. Na je jana'izar wani tsohon fasto ne a wani ƙaramin gari can kudancin Adar. Ba zan ambaci sunansa ko na garin ba, don ban nemi izinin iyalinsa ba. Mutanen garin ma ba sa kiran sunan, Baba Fasto kawai suke cewa.

Auta: Allah ya ba ku haƙuri. Amma Kawu, ni abin da na ji kuna faɗa a waje shi ya tsaya mini a rai. Kun ce mutanen da suka zo gaisuwa, Musulmi sun fi Kirista yawa nesa ba kusa ba.

Kawu: To ai dole. Kirista nawa ne a garin? Ranar Lahadi in an cika, benci shida ne, rabi kuma yara. Ƙidayar 2012 ta nuna Kirista a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma yawancinsu a manyan birane suke.

Auta: Ga tambayata ke nan, kuma kada ku ce na yi rashin kunya. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a gari ɗaya yana wa'azi, ya mutu ya bar benci shida. In ɗan kasuwa ne ai cewa za a yi ya karye.

Malama: Auta, baka da linzami.

Kawu: Ƙyale shi, tambaya ce mai kyau, mu ma a cikin ikilisiya ana yin ta. Amma bari in koma baya kaɗan. Mishan ɗin SIM, wata ƙungiyar Turawa masu yaɗa addinin Kirista, sun shigo Nijar a 1924, a Damagaram suka fara sauka, daga baya suka kafa a Tsibiri kusa da Maraɗi. Asibitin Galmi kuma an buɗe shi a 1950. Su Baba Fasto 'ya'yan wannan zamanin ne. Da Hausa aka koya musu karatu, da Hausa aka koya musu Littafi Mai Tsarki, wanda tun 1932 aka gama fassara shi gaba ɗaya. Bayan samun 'yancin kai ikilisiya ta koma hannun 'yan ƙasa, wato EERN, Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, sai aka riƙa tura irinsu garuruwa. Ka sauka da matarka da akwati ɗaya, a nuna maka fili a bayan kasuwa, shi ke nan.

Malama: Ni a nan zan sa baki, don a irin wannan gari na tashi, kuma mu ma muna da namu faston. Abin da na fi tunawa da shi wasiƙa ce. Kun san Adar, da an gama girbi maza sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Lokacin babu salula. Wasiƙa ce ke zuwa a hannun direba, wata da boko, wata da Faransanci wanda wani ya rubuta wa mai ita a can. Mata ba sa son kai wa mushen lakwal, wato malamin boko, don yaro ne, gobe ka ji zancenka a tasha. Sai a kai wa fasto.

Kawu: Haka Baba yake. Na gani da idona. Zai zaunar da mace a tabarma ƙarƙashin rumfa, matarsa na gefe tana tsince wake don kada a ce sun keɓe. Sai ya sa tabarau, ya fara karanta takardar a zuci tukuna, leɓensa na motsi. In labarin kuɗi ne ko gaisuwa, ya karanta mata sau biyu, ya faɗi adadin jikkar da aka ce an aiko don kada direba ya rage. In kuwa ya ga saki ne a ciki, sai ya ninke takardar ya ce, 'yata, wannan ba ni zan karanta miki ba, je ki kira mahaifinki ko wanki, mu tafi wurin liman tare.

Auta: Me ya sa? Ai abin da aka rubuta aka rubuta.

Kawu: Ya ce aure ba a majami'arsa aka ɗaura shi ba, don haka ba bakinsa zai kwance shi ba. Kuma bai yarda mace ta ji irin wannan labari ita kaɗai a gidan wani ba.

Malama: Wallahi wannan hankali ne. Da ya karanta sau ɗaya, da an ce fasto ne ke kashe auren mutane.

Auta: To amma bari in faɗi abin da tsofaffinmu ke faɗa, tunda ba za mu yi ta yabo kawai ba. Sun ce duk wannan alheri tarko ne. A ba ka magani, a karanta maka wasiƙa, a ƙarshe a ja ɗanka.

Kawu: Ba zan ce tsoron nan ba shi da tushe ba. Mishan ba su ɓoye cewa bishara ta kawo su ba, kuma a wuraren shan maganinsu akan yi wa'azi mutane na jiran layi. Wanda ya karɓi addinin ma ba da sauƙi ya sha ba: wani an raba shi da matarsa, wani an hana shi gado. Gidaje sun yi kuka ta kowane ɓangare. Baba bai taɓa ɓoye abin da ya gaskata ba, in ka tambaye shi zai gaya maka har ka gaji. Abin da bai yi ba shi ne ya sa shi sharaɗi. Kuma a ƙaramin gari ba a yaudarar mutane shekara da shekaru, kowa ya san abin da ka ci jiya.

Malama: Ku ba su labarin 1984.

Kawu: Yunwar da ake kira El Buhari ke nan. Damina ta ƙi, ga Najeriya ta rufe iyaka, hatsi ya gagara. Taimako ya zo ta hannun ikilisiya, buhuna ba masu yawa ba. Wasu dattawan ikilisiya suka ce a fara da na gida. Baba ya ce a'a. Ya kai buhunan ƙofar maigari, ya ce liman ya riƙe tiya, shi kuma ya riƙe littafi yana rubuta gida-gida. An yi fushi da shi a majami'a sosai, har akwai wanda ya daina zuwa sujada. Ni kaina ina saurayi lokacin, ina cikin masu gunaguni, don gidanmu tiya biyu aka ba mu kamar kowa.

Auta: To shi gidansa fa?

Kawu: Tiya biyu.

Malama: Sai maganar rakiya asibiti. Wanda bai taɓa kai marar lafiya daga ƙauye ba ba zai gane ba. Ka iso Galmi, gari ne da kowa ya sani da albasa, amma kai baƙo ne, ba ka san inda ake yankar kati ba, ba ka san inda za ka kwana ba, likita ya yi magana ba ka gane ba.

Kawu: Shi ya sa ake buga masa ƙofa da tsakar dare. Da keke ya fara, daga baya ɗansa ya saya masa babur. Naƙuda ta gardama, cizon maciji, yaro ya faɗa rijiya, duk Baba. Yana da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango inda yake rubuta bashin kuɗin magani da ya ranta wa mutane. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka buɗe, suka tarar ya ja layi a kan rabin sunayen, ba don an biya ba.

Auta: Ina ya samu kuɗin? Fasto na da albashi ne?

Kawu: Wane albashi? Abin da aka tara a baikon majami'a ne, wani mako ba zai sayi sabulu ba. Da kaka a kawo masa damin gero. Noma yake yi kamar kowa, a gonar aro. Shi ne ma na farko a garin da ya fara sassabin zamani, wanda ya bazu daga wajen Maraɗi a shekarun 1980: maimakon ka sare kututturen kalgo da sabara ka ƙone, sai ka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi su tashi. An yi masa dariya, ana cewa fasto ya kasa share gona. Yanzu je ka ga gonakin wajen.

Malama: Akwai wadda ba mu ambata ba, kuma kullum haka ake yi. Matarsa.

Kawu: Kin yi gaskiya. Mama ita ce rabin aikin. Ita ke jan zumuntar mata, ita ke zama da mai jego, ita ke dafa wa baƙin da yake kwasowa ba tare da ya shawarce ta ba. Ranar Kirsimeti kuma ita ke aika a kira mahauci Musulmi ya yanka ragon, don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba.

Malama: Mu ma haka ake kawo mana, mu kuma da Layya mu mayar da cinya. Kakata takan ce a tambaya wa ya yanka, in an faɗi sunan mahaucin sai ta ce a zuba mata romo.

Auta: To 2015 fa? Ina Yamai lokacin, ina makaranta. Abin ya fara a Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairu, washegari ya iso Yamai, saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta Faransa ta buga. An ƙone majami'u sama da 40 a Yamai kaɗai, mutum 10 suka mutu a ƙasar. Na ga hayaƙin da idona.

Kawu: A garin Baba ba a taɓa ko ƙyaure ba. Da labari ya iso, wasu tsofaffi suka ɗauko tabarmi suka shimfiɗa a ƙofar majami'a, suka zauna suna jan tasbaha har dare. Ba wanda ya yi jawabi. Duk saurayin da ya leƙo zai ga ubansa ko kawunsa a zaune, sai ya juya.

Auta: To na janye maganar karyewa. Rabi.

Malama: Rabi kuma?

Auta: E, don har yanzu akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Kawu, Mama ina za ta zauna yanzu?

Kawu: Ka taɓo inda ke ciwo. Gidan na ikilisiya ne, in an turo sabon fasto dole ta tashi. Gonar ta aro ce. Ba fansho. 'Ya'yan suna Yamai, suna so ta koma wurinsu, ita kuma ta ce ba ta san kowa a can ba, duk ƙawayenta suna garin. Maigari ya yi maganar ba ta fili, amma fili ba ɗaki ba ne.

Malama: Sabon faston ma an samu?

Kawu: Ana nema. Yaran yanzu sun yi karatu da Faransanci, suna da iyali, suna tunanin makarantar 'ya'yansu, ban ga laifinsu ba. Kuma wasiƙa ta ƙare, kowa na da WhatsApp. Wanda zai je sai ya nemo abin da garin ke buƙata yau da kansa. Dattawa za su zauna bayan Ista, har da maganar ɗakin Mama, kuma na ce musu in ba a sa ta a gaba ba ni ba zan zauna ba.

Malama: To Kawu, in an yi zaman sai ku zo mana da abin da aka yanke. Masu saurare, a nan za mu dakata. Auta, rufe ƙofar nan kafin ƙura ta gama da na'urar.