Fuskokin da ke kan duwatsun Ikom

Dubi wannan dutse da kyau. Ga idanu biyu, ga baki a buɗe kamar mai shirin magana, ga gemu ya sauko ya yi tsini a ƙirji. Can ƙasa kuwa cibiya ce, ƙatuwa, ta turo waje. Ba ƙafa. Daga cibiya sai dutsen ya shige ƙasa.

Muna jihar Kuros Riba ne, a yankin Ikom, ƙasar mutanen Bakor, wani reshe na ƙabilar Ejagham. Duwatsu irin wannan sun kai wajen 300, a warwatse cikin ƙauyuka da gonaki da kurmi, galibi an jera su a da'ira suna fuskantar juna. Wani bai wuce gwiwa ba, wani ya kai mita 2. Yawancinsu baƙin dutse ne mai tsananin tauri, irin wanda aman wuta ke bari. Masassaƙan ba su tilasta wa dutsen wata siffa ba. Sukan nemo wanda ya riga ya yi dogo da santsi, su fitar da fuska a jikinsa.

Mutanen wurin suna ce musu akwanshi, wato mamacin da ke cikin ƙasa. Wasu kuma atal suke cewa, dutse ke nan. A wurinsu kowanne yana tsaye ne a madadin wani shugaba ko kaka da ya rasu.

Abin da ya fi kama ni shi ne, ba fuska biyu da suka zo ɗaya. Duba kumatu da gefen ido, za ka ga tsaga. Duk wanda ya tashi a inda ake gane mutum da gidansu ta zanen fuska ya san abin da wannan ke nufi: ba kowa da kowa aka sassaƙa ba, wani ne takamaimai, mai suna da dangi.

Wani jami'in mulkin mallaka, Charles Partridge, ya ba da labarinsu a 1905. Daga baya wani Bature, Philip Allison, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a 1961 da 1962, ya ɗauki hotuna, ya ƙirga 295.

Sai yaƙin basasa ya zo a 1967. Daga wannan lokaci sata ta yi yawa. Dutsen da ya yi nauyin ɗauka, sai a sare shi a tsakiya, a tafi da fuskar, a bar gindin. Hotunan Allison ne suka zama shaida. Akwai rabin dutse a babban gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York, wanda masu bincike suka gano sauran rabinsa yana nan a Ntitogo, inda aka baro shi. Waɗanda suka tsira daga ɓarayi kuma, wutar ƙona daji tana fasa su.

A 2007 Najeriya ta sa su cikin jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya.

Amma je ka ƙauyen Alok, ɗaya daga cikin wuraren da duwatsun suke, lokacin bikin sabuwar doya. Za ka tarar an wanke duwatsun, an shafa musu alli da launuka, idanu da gemu sun fito rangaɗau. Ana kawo sakwara a ɗora musu a baki, a zuba bammi, ana kiran sunayen kakanni.