Daga Kiel: kafin ka sayi Office, saurari wannan

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Yau daga ɗaki nake magana, domin iskar Kiel, nan arewacin Jamus, ba ta barin makirfo ya ɗauki murya a waje. Maganar ta ɗalibai ce, musamman sababbin shiga jami'a da suka sayi laftof suna tambayar wace manhaja za su sa don aikin makaranta.

Kada ka fitar da ko sisi tukuna. Fara duba imel ɗin da jami'a ta buɗe maka. Microsoft na da tsarin Office 365 Education, inda ɗaliban makarantun da suka shiga tsarin ke samun Word da Excel da PowerPoint ta intanet kyauta, wasu jami'o'in ma sun biya har ka sauke su a kwamfutarka. Ka je sashen kwamfuta ka tambaya. Amma ka sani aro ne. Idan ka gama karatu za a rufe asusun, abin da ka tara a OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, kuma ya tafi da shi. Don haka duk ƙarshen zango ka kwashe fayilolinka zuwa filashi.

Na san abin da muka saba a gida: ka kai laftof kasuwa, a zuba maka Office na sata a 'yan mintuna. Don Allah ku bar wannan. Irin waɗannan manhajoji sukan zo da bairos a ɓoye, kuma a wannan laftof ɗin kake shiga banki, a cikinta kundin digirinka yake. Ga shi nan Jamus ba a wasa da haƙƙin mallaka.

Ni da LibreOffice nake yawancin rubutuna. Kyauta ce, halal ɗinka ce, ba ta neman intanet. Ta fito a 2010 daga tsohuwar OpenOffice, gidauniyar The Document Foundation da ke Berlin ce ke kula da ita. Writer ne madadin Word, Calc madadin Excel, Impress kuma na gabatar da aiki gaban aji. Wasu na raina ta, wai ta marasa kuɗi ce. To jihar da nake zaune, Schleswig-Holstein, wadda Kiel ce babban birninta, ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice. Ba rashin kuɗi ya sa su ba, so suke bayanan jama'arsu su zauna a hannunsu.

Sai dai duk son da nake mata, ba zan ce kowa ya bi ni ba. Wanda zai karanta aikinka shi ke yanke hukunci. Idan malamin da ke duba kundinka da Word yake aiki, yana sa gyara da jan rubutu, yana barin sharhi a gefe, fayil na kai da kawo tsakaninku wata da watanni, to ka zauna kan Word. LibreOffice na buɗe docx, wato nau'in fayil ɗin Word, tana kuma adanawa da shi, amma a doguwar takarda mai jadawali da hotuna za ka ga shafi ya zame, tebur ya tsallaka. Sau da yawa salon haruffa ne sanadi: idan babu Calibri a kwamfutarka sai a musanya shi da wani. Ka sa Carlito, faɗin haruffansu ɗaya ne. Haka ɗan sashen akanta ko kasuwanci, Excel za a tambaye shi a wurin aiki, gara hannunsa ya saba tun yanzu.

Google Docs kuwa na aikin rukuni ne, ku huɗu kuna rubutu lokaci guda. Ba na son sa ga kundi mai shafi ɗari, nauyi yake yi. 'Yan lissafi da fiziks, ku tambayi na gaba da ku game da LaTeX, manhajar tsara rubutu mai alamomin lissafi.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibi ya kai shekarar ƙarshe yana rubuta jerin manazarta da hannu. Akwai Zotero, ita ma kyauta, tana aiki da Word da LibreOffice da Google Docs duka. Kana karanta maƙala ka adana ta, idan ka zo rubutu ita za ta jera maka komai bisa tsarin da sashenku ke so, APA ne ko wani. Ka sa ta tun makon farko.

Ranar miƙa aiki kuma, in dai ba a ce lallai docx ba, ka fitar da PDF, ka buɗe shi ka bi shafi bayan shafi kafin ka tura. A bidiyo na gaba zan nuna yadda ake haɗa Zotero da Writer a kan allo. Sai mun haɗu, Allah Ya ba da sa'ar karatu.