Sharhi: Wa Ya Faɗa?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Tun watan Oktoban 2023 da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, saƙonnin murya suke ta yawo a wayoyin mutane. Yau muryar namiji, gobe ta mace, amma zancen ɗaya ne: wai makirci ne aka ƙulla don a hana 'ya'yanmu haihuwa. Mai maganar ba ya faɗin sunansa, balle garinsu, balle inda ya karanta aikin likita. Sai ya rufe da "don girman Allah ka tura wa 'yan'uwa". Kuma ana turawa, har da masu digiri.

Ni dai tambayata ɗaya ce: wa ya faɗa?

Ai mun taɓa jin wannan zance, kuma mun ga inda ya kai mu. A 2003 aka ce ɗigon rigakafin shan inna yana ɗauke da maganin hana haihuwa. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, ba a ci gaba ba sai a watan Yulin 2004, bayan an kawo magani daga Indonesiya. Yaran da cutar ta kama a Najeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, ƙwayar cutar kuma ta tsallaka ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yaman. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Yaran da aka ɗiga wa maganin nan fa, da yawansu yau iyaye ne, wasu da goyo a baya. To ina rashin haihuwar? Kuma waɗanda suka yi ta rantsuwa a kan zancen, wane ne a cikinsu ya saya wa yaro ɗaya keken guragu?

Na san abin da za a ce mini: ka manta da Pfizer? Ban manta ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, 11 suka rasu. Wannan ya faru, kuma duk wanda ya yi zargi bayansa yana da hujja. Amma wa ya tona asirin ga duniya? Jaridar Washington Post ce, a ƙarshen shekarar 2000, da sunayen 'yan jaridar a rubuce. Lauyoyi suka shiga kotu da takardu, har aka yi sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. Masu suna da adireshi ne suka yi wannan aiki. Saƙon murya bai taɓa karɓo wa kowa diyya ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke raba shakkarmu. Gidan rediyo ya kawo labari, a ce ɗan koren gwamnati ne. BBC Hausa, da ake saurare tun 1957, ta kawo, a ce ai na Turawa ne. Jarida ta buga, a ce an biya ta. Madalla, a yi ta tuhuma, 'yan jarida ba mala'iku ba ne, kuma akwai masu karɓar na goro a cikinmu. Amma mutumin da ya ƙi yarda da tashar da ya san ƙofarta, wadda zai iya kai ƙararta hukuma ko kotu, shi ne zai haɗiye maganar wani da bai san ko a wace ƙasa yake zaune ba. Haba jama'a!

Ku tuna daren gishiri, a watan Agustan 2014. Aka tashe mutane tsakar dare da kiran waya da saƙonni, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, maganin Ebola ne. A Najeriya cutar ba ta wuce Legas da Fatakwal ba, amma gishirin ya kashe aƙalla mutum biyu, ya kwantar da wasu a asibiti. A 2018 kuma aka ce Shugaba Buhari ya rasu, wani Jibrin daga Sudan ne ke zaune a fadar gwamnati, har sai da shugaban ya musanta da bakinsa a Folan cikin watan Disamba. Wa ya faɗa? An ce.

A majalisar ƙofar gida, in ka zo da irin wannan, ba a rasa dattijon da zai ce maka, "Kai, yaro, a ina ka ji?" A zauren WhatsApp kuwa, wanda ya yi wannan tambaya shi ne munafuki, kafin la'asar shugaban zaure ya cire shi. Sai a bar mutum ɗari biyu masu ra'ayi ɗaya suna gaskata juna. Facebook da TikTok kuma ba ruwansu da gaskiya ko ƙarya: abin da ka daɗe kana kallo shi za su ƙaro maka, don daɗewarka ita ce kuɗin tallarsu. Ka kalli bidiyon makirci uku, gobe goma za ka tarar, sai ka ɗauka duniya ce duka ta yarda. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda tun 2019, mu kuwa sai muka koyi turawa sau biyar-biyar.

Hukumomi ma kada su yi murna da wannan sharhi. Najeriya ta rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021, Nijar ta dakatar da RFI a 2023. Duk tashar da aka toshe, masu saurarenta wurin mai saƙon murya suke komawa, shi kuwa ba shi da lasisin da za a ƙwace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sankarar bakin mahaifa ta kashe mata kimanin 8,000 a Najeriya a shekarar 2020 kaɗai. Uban da ke da shakka a kan allurar, hakkinsa ne ya tambaya. Ya je asibitin unguwarsu, ya sami ma'aikaciyar jinya, ya tambayi sunanta, ya sa ta yi masa bayani har ya gamsu ko ya ƙi. Ita dai gobe ma tana nan a bakin aikinta. In kuwa ya fi son mai saƙon murya, to ya fara nemo mana lambarsa, mu ma muna da tambayoyin da za mu yi masa a wannan shiri.