Mani na Pala: ministan da ya gabatar da kasafin kuɗi sau 13

Safiyar Juma'a ce, 13 ga Maris, 2015, a majalisar dokokin jihar Kerala da ke kudancin Indiya.  Abin da ake turowa daga kan dandamali kujerar kakakin majalisa ce, masu turo ta kuma zaɓaɓɓun 'yan majalisa ne na ɓangaren adawa. An fizge makirfo, an farfasa kwamfuta, ana kokawa da dogarawan majalisa, har cizo sai da aka yi. A waje kuma 'yan sanda na harba barkonon tsohuwa.

Duk wannan tashin hankali saboda mutum ɗaya ne, wani dattijo ɗan shekara 82 mai farar riga. 'Yan adawa sun rantse ba zai karanta kasafin kuɗi ba. A zauren suka kwana suna gadin ƙofofi. Shi ma, da yake tsohon hannu ne, a cikin ginin majalisar ya kwana. Da lokaci ya yi sai ga shi ya ɓullo ta wata ƙofa daban, mutanensa suka yi masa zobe, ya karanta 'yan layuka cikin 'yan mintoci, ya ce ya ajiye kasafi a gaban majalisa. Nan take 'yan jam'iyyun gwamnati suka hau raba alawar laddu a tsakiyar tarkacen.

Sunan dattijon K. M. Mani. Mutanensa Mani Sir suke ce masa. Wannan shi ne kasafinsa na 13, kuma shi ne na ƙarshe.

Kafin mu shiga labarinsa, bari mu warware wani abu da kan rikita mutum. A Najeriya idan aka ce minista, Abuja ake nufi, na jiha kwamishina ne. A Indiya jihohi ma ministoci gare su, kuma gwamnan jiha kusan na ado ne. Mai riƙe da mulki shi ne babban minista, wanda ke fitowa daga cikin majalisar jiha. Sauran ministocin ma dole su kasance 'yan majalisa, ko su ci zaɓe cikin wata shida da naɗa su. Majalisar Kerala kujera 140 ce da ake zaɓa. Duk wanda ya haɗa 71 ya kafa gwamnati, ranar da suka ragu kuma gwamnatin ta faɗi, ko da jiya aka rantsar da ita. Ku riƙe wannan lamba ta 71, don a kanta Mani ya gina rayuwarsa.

An haife shi ranar 30 ga Janairu, 1933, a ƙauyen Marangattupilly, yankin Kottayam, a gidan manoma Kiristoci. Kerala jiha ce da Hindu suka fi yawa, Musulmi sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu, Kiristoci kuma sun kusa kashi ɗaya cikin biyar, kuma cocinsu tsoho ne ƙwarai, suna danganta shi da manzo Toma. Yarensu Malayalam, ba Hindin da kunnenmu ya saba ji a finafinai ba. Mani ya karanta lauya a Madras, ya dawo gida ya fara aiki, ya shiga jam'iyyar Congress har ya zama sakatarenta a gundumar Kottayam.

A 1964 Congress ta Kerala ta dare. Wani jigo daga Kottayam, P. T. Chacko, ya sauka daga muƙamin ministan cikin gida bayan wata badaƙala da aka jingina masa, bai daɗe ba ya rasu. Magoya bayansa suka ce cin amana aka yi masa. 'Yan majalisa 15 suka juya wa gwamnatin jam'iyyarsu baya, suka kayar da ita, suka kafa sabuwar jam'iyya mai suna Kerala Congress ƙarƙashin K. M. George. Mani ya bi su. A 1965 aka ƙirƙiro mazaɓar Pala, aka ba shi takara, ya ci. Abin dariya, majalisar da aka zaɓa a wannan shekara ko zama ɗaya ba ta yi ba, don babu wanda ya iya haɗa rinjaye.

Daga nan Pala ba ta sake sanin wani wakili ba har ya mutu. Zaɓe 13 a jere, daga 1965 zuwa 2016, shekara 54 a kujera ɗaya zuwa rasuwarsa a 2019. Shi da kansa yakan yi raha cewa Pala ce matarsa ta biyu.

To me ya ɗaure mutanen Pala da shi haka? Sai mun shiga gonar roba za mu gane. Tun kafin asuba mai tsagar roba yake fita, fitila ɗaure a goshi, wuƙa mai lanƙwasa a hannu. Yana bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya, yana yanke siririn ɓawo a karkace, farin ruwa kamar madara ya riƙa ɗiga cikin ɓawon kwakwa ko ɗan kofin da aka rataye. Da hantsi ya dawo ya tattara, a zuba sinadari ya daskare, a matse shi a inji ya zama falle-falle, a shanya ko a kyafe da hayaƙi. Da wannan fallen ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake aurar da 'ya. Mafi yawan robar Indiya daga Kerala take fitowa, hedikwatar hukumar roba ta ƙasa ma a Kottayam take. Masu gonakin nan yawancinsu ba manyan attajirai ba ne, ba kuma 'yan ƙwadago ba ne. Suna tsoron 'yan gurguzu, waɗanda tun gwamnatinsu ta 1957 suka taɓo maganar filaye da makarantun coci, kuma suna ganin Congress ta Delhi ba ta damu da farashin roba ba. Mani ya tsaya a wannan tsakiyar ya ce shi ne bakinsu. Har wata aƙida ya tsara da ya kira ta masu cin guminsu, wadda ta haɗa ƙaramin manomi da lebura a layi ɗaya, saɓanin 'yan gurguzu da ke raba mai gona da mai yi masa aiki. Masana da yawa ba su ɗauki aƙidar da nauyi ba. Manomin Pala kuwa ya gane da shi ake.

A Disamba 1975, lokacin dokar ta-ɓacin Indira Gandhi, Mani ya fara zama minista, kuma kai tsaye baitulmali aka ba shi, a gwamnatin C. Achutha Menon, wanda ɗan gurguzu ne. A 1977 ya koma ministan cikin gida. Kotu ta soke zaɓensa, ya sauka, Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa, ya dawo ya karɓi ofishinsa. A 1979 ya kafa nasa ɓangaren, Kerala Congress mai harafin M, wato ta Mani.

Ga inda labarin ya fi daɗi. Kerala Congress jam'iyya ce da rabuwa ta zame mata abinci. Akwai ta Mani, akwai ta P. J. Joseph, akwai ta Balakrishna Pillai, akwai ta T. M. Jacob, kowa da harafinsa a gaban suna. Yau a rabu, gobe a haɗe, jibi a sake rabuwa. Da aka dami Mani da gori, sai ya ba da amsar da har yau ake maimaitawa a Kerala: jam'iyya ce da in ta girma take rabewa, in ta rabe kuma take girma. Ana dariya, amma akwai lissafi a ciki. Siyasar jihar ƙawance biyu ne, na 'yan gurguzu da ake kira LDF da na Congress da ake kira UDF, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Mai kujera takwas ko tara a hannu shi ne raba gardama.

Mani ya gwada wannan ƙarfin da wuri. A 1980 ya shiga gwamnatin 'yan gurguzu ta E. K. Nayanar a matsayin ministan kuɗi da shari'a. A lokacin ne aka fara biyan fansho ga tsofaffin leburorin gona, rupi 45 a wata. Kuɗin ba yawa, amma a wancan zamani a ce gwamnati na biyan fansho ga wanda bai taɓa yi mata aiki ba, sabon abu ne. A Oktoba 1981 ɓangaren Congress na A. K. Antony ya janye daga gwamnatin, kwanaki kaɗan Mani ma ya janye, Nayanar ya faɗi. Mani ya tsallaka wajen K. Karunakaran na Congress, ya sake karɓar baitulmali. Daga nan ya zauna a UDF sama da shekara 30. Duk lokacin da ƙawancen ya ci zaɓe, kujerarsa na nan tana jiransa: kuɗi, ko filaye da haraji, kusan kullum haɗe da shari'a. In an tara, ya haura shekara 20 yana minista, a ƙarƙashin manyan ministoci daban-daban, wasu ma ba sa ga maciji da juna.

Kujera ɗaya ce ta gagare shi, ta babban minista. An sha raɗe-raɗin ya kusa, ba ta taɓa faɗowa hannunsa ba. A ganina dalilin a fili yake. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne ya taƙaita shi. Jam'iyyarsa ta tsakiyar Kerala ce, ta manoman roba da coci, ba ta da saiwa a arewacin jihar ko a bakin teku. Manyan jam'iyyu za su ba ka makullin taska don su zauna lafiya, amma gidan ba za su ba ka ba.

Zaɓen 2011 ya nuna hakan ƙarara. UDF ta samu 72, LDF 68. Daga cikin 72 ɗin nan, 9 na Mani ne. Ku yi lissafin da kanku. Oommen Chandy ya zama babban minista, amma ya san in Mani ya yi tari gwamnati za ta kamu da mura. Mani ya koma ma'aikatar kuɗi, kuma a wannan zangon ya fito da shirin da talakawa suka fi tunawa da shi, asusun Karunya. Gwamnatin Kerala tun 1967 take gudanar da cacar tikiti tata ta kanta. Mani ya ware wata caca ta musamman, ribarta ta tafi kai tsaye ga jinyar marasa galihu masu ciwon daji, ciwon ƙoda da na zuciya. Na san da yawanmu za mu yamutsa fuska da jin kalmar caca, kuma akwai abin faɗa, don galibi talaka ne ke sayen tikitin. Amma wanda aka biya wa kuɗin wankin ƙoda ba ya wannan muhawarar.

Sai ga maganar mashaya. A 2014 gwamnatin Chandy ta ƙi sabunta lasisin mashaya 418. A ƙarshen shekarar wani jigon ƙungiyar masu otal da mashaya, Biju Ramesh, ya fito talabijin ya ce an kai wa Mani cin hancin rupi miliyan 10 don a sake buɗe su. Mani ya musanta, ya ce makirci ne. Hukumar bincike ta jiha ta buɗe fayil. 'Yan adawa suka ce wanda ake bincika kan cin hanci ba zai taɓa takardar kasafi ba, shi ya kai mu ga kujerar da aka turo a farkon labarin nan. Wani abu da hayaniyar ta rufe: a cikin kasafin nan da ba wanda ya ji karatunsa akwai rupi biliyan 3 da aka ware don tabbatar wa ƙaramin manomi rupi 150 a kan kowane kilo na roba, a daidai lokacin da farashi ya faɗi warwas. Ana jifansa ta ko'ina, amma bai manta da Pala ba. A shekarar ce ma aka naɗa shi shugaban kwamitin ministocin kuɗi na jihohin Indiya da ke aikin sabon harajin kaya na bai-ɗaya.

Abin da kokawa ta kasa yi, jimla ɗaya ta alƙali ta yi. Ranar 9 ga Nuwamba, 2015, Babbar Kotun Kerala ta ƙi dakatar da ci gaban bincike, alƙalin kuma ya kawo tsohuwar maganar Rumawa cewa matar Kaisar ko zargi bai kamata ya shafe ta ba. Washegari Mani ya ajiye aiki. Bai sake zama minista ba. Masu bincike sun sha kai rahoton cewa babu isasshiyar hujja, kotu ta sha mayar da su, kuma har ya bar duniya babu kotun da ta same shi da laifi.

Ya tsaya zaɓen 2016 da tabon a jikinsa, Pala ta sake zaɓarsa, amma da ratar ƙuri'a 4,703 kacal. Cikin fushin cewa abokan tafiya ne suka haƙa masa rami, ya fice daga UDF a watan Agusta na shekarar. A 2018 ya dawo, bayan da aka bar wa jam'iyyarsa kujera a majalisar dattawan ƙasa, kujerar da ɗansa Jose K. Mani ya hau. Ya rasu ranar 9 ga Afrilu, 2019, a Kochi, yana da shekara 86.

Wata biyar bayan haka aka yi zaɓen cike gurbi a Pala. Mutanensa suna can suna rigima kan wa zai gaji jam'iyya, ɗansa ko P. J. Joseph. Ɗan takarar LDF, Mani C. Kappan, wanda marigayin ya kayar sau uku a jere, ya ɗauke kujerar da ratar 2,943. A 2020 Jose ya kwashi jam'iyyar ubansa ya kai ta LDF, wajen mutanen da suka turo kujerar kakaki don hana uban magana. Shari'ar ɓarnar da aka yi a majalisa ranar kasafin 2015 ma ba ta mutu ba, don a Yuli 2021 Kotun Ƙoli ta ƙi yarda a janye ta, alhali ɗaya daga cikin waɗanda ake tuhuma, V. Sivankutty, ya riga ya zama ministan ilimi. A zaɓen majalisar jiha na 2021 LDF ta lashe jihar da kujera 99, Jose ya tsaya a Pala a ƙarƙashin tutarta, Kappan kuma ya tsallaka UDF. Kappan ya kayar da ɗan Mani da ƙuri'a sama da 15,000.