Kafin Ka Kai Jarinka Saman Dutse

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Duk Bazazzagin da ya taɓa hawa dutsen Kufena da sanyin safiya ya san yadda iska take sauyawa tun kafin ya kai ƙololuwa. To, ku ɗauka akwai gari guda, da kasuwarsa da masallatansa da makarantunsa, a zaune a wurin da ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Yau a kan irin waɗannan garuruwa za mu yi magana, domin na sha jin samarinmu a Sabon Gari da Samaru suna cewa za su je Mambila ko Obudu su buɗe masauki ko wurin abinci, tunda baƙi na zuwa yawon buɗe ido. Niyyar tana da kyau. Sai dai ina so mu yi lissafin tare kafin kowa ya sayar da filinsa.

Zariya tana sama da teku da mita ɗari shida da ɗoriya. Jos ta kai kusan mita 1,200. Tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, yana wajen mita 1,600, haka ma Obudu a jihar Kuros Riba. A can gefen Mambila ne kuma Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Ƙa'idar ita ce, duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri shida da rabi. Shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da muke kwana a tsakar gida muna fifita, mutumin Gembu, babban garin da ke kan tsaunin Mambila, da bargo yake kwana.

Wannan sanyin shi ne hajar farko da dutse yake sayarwa. Shi ya ja Turawa suka kafa gonar shanu a Obudu a 1951, domin tsando ba ya jure wurin, shanu ba sa fama da sammore. Daga baya gonar ta zama wurin shaƙatawa. A 2005, zamanin gwamna Donald Duke, aka kafa motar da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe, mai nisan kusan kilomita 4, tana ɗaukar mutane daga gindin dutse zuwa sama, aka kuma fara gasar tseren hawan dutse a shekarar. Baƙi suka yi ta tururuwa. Amma motar ta sha tsayawa na dogon lokaci, kuma duk ranar da ta tsaya, mai gasa nama da mai ɗaukar hoto da mai sayar da zuma su ne suke fara ji a aljihunsu, alhali ba su da ta cewa a gyaranta.

Yanzu ku dubi hanya, domin a nan maganar take. Wanda zai hau Obudu da mota zai bi kilomita 11 masu kwana 22. Wanda zai je Gembu kuwa, sai ya isa Jalingo, ya bi ta Bali, ya wuce Serti, sannan daga Mayo Selbe a fara hawa na gaske. Babbar mota da lodin siminti tana rarrafe ne a giya ɗaya, yaron mota na biye da ita a ƙasa da katako a hannu, ko da za ta ja da baya ya yi mata waigi. A gangarowa kuma ƙaurin birki kake ji tun daga nesa. Duk buhun da ya hau wannan hanya, ya iso da kuɗin mota a kansa. Siminti, kwanon rufi, fetur, shinkafa, sukari, har ruwan leda. Idan damina ta yi ƙarfi ƙasa ta zaftare, ko gada ta karye, sai kaya su yi kwanaki a ƙasa, farashi ya tashi a sama kafin la'asar. Ɗan kasuwar da ya saba da Zariya, inda in kaya sun yanke sai ya buga waya Kano su iso kafin magariba, zai sha mamaki. A can, wanda yake da ɗakin ajiya da jarin da zai iya kwanciya wata biyu, shi ne mai kasuwa.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba a faɗa maka sai ka je. Ruwa a can yana tafasa ne a wajen digiri 95, don haka wake da ganda sai sun ƙara daɗewa a wuta, mai abinci ta ƙara itace ko gas. Iska ba ta da kauri, inji ba ya samun isasshen numfashi, janareta yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300. Wanda ya ja maka firji da injin markaɗe a Tudun Wada, a can sai ka ji yana nishi. Mai masauki kuwa, shanya ce ciwon kansa. Ka wanke zanen gado da safe, hazo ya sauko ya rufe gari, washegari ka taɓa shi ka ji da danshi. In baƙi goma kake sa rai, tanadi shimfiɗar mutum talatin. Kuma baƙon da ya biya kuɗi ba zai tambaye ka na'urar sanyaya ɗaki ba, ruwan zafi zai nema da asuba don alwala da wanka.

Sai maganar baƙin kansu. Baƙo ɗan lokaci ne. Yana zuwa da rani, musamman hutun ƙarshen shekara da na bukukuwa. Damina a waɗannan tsaunuka ta fi tamu tsawo sosai, tana cin fiye da rabin shekara, kuma ba kowa ke son ya biya kuɗi ya zauna a ɗaki yana kallon ruwa ba. A ce kana da ɗakuna shida, suka cika maƙil wata uku. Cinikin wata ukun nan shi zai biya haya da albashi da gyaran rufi na wata goma sha biyu. Mutum ya ga kuɗi sun shigo a Disamba ya ɗauka haka za a ci gaba, ya ƙara aure ko ya canza mota, watan Yuli ya zo ya same shi da bashin mai gadi. Wannan abin yana ba ni takaici, domin ba lalaci ne ya jawo ba, rashin sanin yanayin wurin ne kawai.

Ni a ganina, wanda zai je ya fara duban mutanen gari kafin ya dubi baƙi. Mutumin Gembu da na Nguroje suna nan rani da damina. Suna buƙatar rigar sanyi, da bargo, da takalmin roba na shiga caɓi, irin gwanjon da muke tsallakewa a kasuwar Sabon Gari da zarar hunturu ya wuce. Babur shi ne ƙafar mutane a ƙauyukan, don haka mai kayan gyaransa ba ya zaman banza. Mai shayi ma ba ya jiran dare, a can da rana tsaka ana neman mai zafi. Sannan motar da ta hau da kaya kada ta sauko wayam. Akwai ganyen shayin da ake nomawa a Kakara, akwai piya da ayaba da dankalin Turawa da zuma da katakon turare, ga shanu. Ribar tana cikin zuwa da dawowa, domin kuɗin mota ya rabu gida biyu. In baƙi suka zo a kan wannan, alhamdu lillahi, ƙari ne.

Abu ɗaya da ba na so a ɗauka da wasa shi ne ƙasa. Ka ga tudu kore shar babu gini, kada ka ce ba mai shi. Gonar wani ce, ko makiyayar wani, kuma an yi rikici mai muni a Mambila tsakanin manoma da makiyaya a 2017, aka rasa rayuka. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izini, amma takarda kaɗai ba ta zaunar da baƙo lafiya. Ka je ka gaida mai unguwa da hakimi, ka nemi dattawan Hausawan da suka riga ka zama, ka koyi gaisuwa da Fulatanci da harshen Mambila, ka ɗauki yaran gari aiki. A Obudu ma mutanen Becheve suna kan dutsen tun kafin a kafa masaukin farko.

In ka ƙudura zuwa, kada ka je a Disamba lokacin da gari yake cike. Je ka a watan Agusta, ka kama ɗaki na mako biyu, ka zauna a teburin mai shayi kusa da tasha da ɗan littafinka. Ƙirga motocin da suka hau a yini, tambayi direba nawa yake karɓa a kan buhu, duba ko sabis na waya yana ɗauka har mai POS ya biya ka, ka kuma lura da shagunan da suke buɗe a ranar da ruwa ya wuni yana zuba.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba. Allah ya sa albarka a nema.