Sharhi: Yadda adabin Ingilishi ya yi wa mulkin mallaka aiki

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Yamai. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi kusa da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Sharhinmu na yau kan asalin darasin adabin Ingilishi ne.

A Indiya aka fara gina shi sosai. Kamfanin Ingila mai mulkin ƙasar yana tsoron tarzoma in ya sa Baibul cikin makarantun gwamnati, sai aka ba adabi wannan aiki: waƙoƙi da wasannin kwaikwayo su koyar da ɗabi'ar Bature ba tare da an ambaci coci ba. A 1835 Macaulay, wani jami'in Ingila a Indiya, ya rubuta wa gwamna Bentinck cewa kanta guda ta littattafan Turai ta fi duk abin da Indiya da ƙasar Larabawa suka rubuta, alhali shi da bakinsa ya ce bai iya Larabci ko Sanskirit ba. Burinsa a samu mutane masu jinin Indiya da tunanin Ingila, su zama tafintoci tsakanin masu mulki da talakawa. Aka karkatar da kuɗin ilimi wajen Ingilishi. Ita kuwa jami'ar Oxford, sai a 1894 ta buɗe wa fannin sashensa.

Ƙarfin dabarar yana wurin jarrabawa. A zaɓi littafi, a sa yaro hadda, a tambaye shi a kai, takardar da ya samu ita ce ƙofar aikin gwamnati. Yaro ya iya siffanta dusar ƙanƙarar da bai taɓa gani ba, amma waƙar garinsu ba ta kawo maki ko ɗaya.

Mu nan Faransa ta bi da mu ta wannan hanya da nata harshe: haddar tatsuniyoyin marubucin Faransa La Fontaine a lakwal, da sambol, wato alamar kunyatarwa da malami ke rataya wa duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa ko Zabarmanci. Waɗanda suka yi zarra a tura su makarantar William Ponty a Senegal, inda Diori Hamani da Boubou Hama suka yi karatu.

A Nairobi, a 1968, marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu sun nemi a rushe sashen Ingilishi na jami'a, a sa adabin Afirka a tsakiya. Irin tambayar da suka yi tana gaban masu tsara manhajar lise da na Jami'ar Abdou Moumouni: wa ke zaɓen littattafan, kuma maki nawa za a ware wa adabin Hausa a jarrabawar bak?